Madubi Daga Tsallaken Ruwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, da kantin maganin nan naka da ya hana ka zumunci. Mu nan kan tudu lafiya lau, sai sanyin safe da ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Sabis ɗin waya tun da iska ta kayar da dogon ƙarfen sabis ɗin nan bai dawo ba, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Direban ma'aikatan ruwa zan ba ya sauko maka da takardar.

Na ga saƙonka cewa ka gyara wa Inna ɗaki, za ka turo mota ƙarshen wata. Kafin ka sayi mai, ka zauna ka karanta wannan.

Ka san yadda ka bar ta. Tun da Baba ya rasu a kakar bara fuskarta na bango. Cokali biyu ta ture kwano. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu tun ban zo duniya ba, wata rana ta tambaye ni ko 'yar wa ce ni. Na kai keken ɗinkina ɗakinta don ta riƙa jin motsin mutum, amma ko juyowa ba ta yi. Wallahi Yaya akwai ranakun da nake tsayar da keken don kawai in ji ko tana numfashi.

To, ma'aikata sun buɗe ƙofofin madatsa za su yi gyara, ruwan tafkin ya ja baya irin jan da ban taɓa gani ba. Sandar awon ruwa da Baba ya yi rayuwarsa yana karantawa yanzu tsaye take a busasshen wuri, abin tausayi. Taɓo ya fito shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Sai ga baƙin tsuntsaye daga arewa, kamar an aika musu da goron gayyata. Agwagin ruwa, da ladin kogi, da waɗannan ƙananan masu dogon baki da suke gudu a bakin ruwa kamar an aike su. Tsattsewa kuwa don yawansu wayar lantarki har lanƙwasawa take yi. Kukansu da sassafe ba ya barin kowa barci.

Ranar Litinin ina hura wuta sai na ji an ce, “Ke, ina tabaron hange?” Na waiga. Inna ce tsaye, ta ɗaura ɗankwali, ta sa rigar sanyin Baba.

Kai ka fi ni sanin tsarinsu, amma bari in tuna maka tunda birni ya wanke maka kai. Baba ya shiga kwalekwale ya tsallaka can wajen busasshiyar bishiya, Inna ta zauna a kan dutsenta a bangon madatsa, kowa na ƙirga nasa ɓangaren don a aika wa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Kowa da madubinsa, na tsohon babur ɗin Baba, shi na dama ita na hagu. In garke ya tashi daga wajen ɗaya zai tsallaka, sai ya haska sau ɗaya: na ƙirga waɗannan, kada a maimaita. Ɗayan ya haska sau biyu: na gani. Haka suka tsufa suna hira da hasken rana, mu kuwa a gida da kyar muke jin sun haɗa zance uku.

Na raka ta. Ta zauna a dutsenta, ta cika aljihun hagu da tsakuwa, tana ƙirga tana mayarwa na dama. Hannunta bai manta komai ba, matar da ba ta san sunana ba. Da wani garken agwagi ya tashi daga gabanmu, ta ciro madubi ta haska tsallake. Ta jira. Babu komai can sai bishiya da taɓo. Ta sake. Rana ta yi zafi tana nan tana jira, sai da na janyo ta. Ranar ba ta ci komai ba. Washegari ma haka.

Ranar Alhamis ta haska, aka amsa. Sau biyu, daga gindin bishiyar.

Ba ta firgita ba, ba ta yi kuka ba. Tsaki ta ja, ta ce, “Sai yanzu ya ga dama.” Muka dawo gida ta cinye abincinta tas, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kira ni Auta. Tun daga ranar kullum ana amsawa, kullum tana ci.

Ban ce ka yarda da komai ba. Abin da na ce shi ne ka bar motarka a inda take. In ka kai ta wannan ɗakin naka mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabci, ba za ta kai damina ba, kuma kai ma ka sani.

Ka gaida Anti, ka ce mata rigar yaran na nan tafe. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso hannuna. Na yi farin ciki da jin Inna tana cin abinci. Allah ya ƙara mata lafiya, ke kuma ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi, wadda na san ni ya kamata in ɗauki rabinta.

Amma sauran abin da kika rubuta bai kwanta mini ba. Ni na wanke Baba. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Ba na so in ji ana yi wa mamaci irin wannan zance, ko da wasa ne, kuma na san halinki da wasa. Ruwa ya janye, dole kwalabe da gwangwanaye su fito. Rana ta bugi gilashi ya yi walƙiya, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ban gane ba shi ne yadda kwalba za ta san ta yi sau biyu.

Zan gaya miki gaskiya, tun da na karanta ban samu natsuwa ba. Shekaranjiya wata mota ta tsaya a ƙofar kanti, madubinta ya jefo haske a kan teburin kantin, daidai hannuna. Ina riƙe da maganin wata mata na tsaya kamar gunki, sai da ta ce, “Malam, lafiya?” Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan camfi.

Ga abin da nake so ki yi. Madubin dama, wanda aka samu a hannun Baba a gindin bishiyar, ni da kaina na naɗe shi a cikin hularsa na ɗora a saman kabad ɗin ɗakinsa, can ƙurya. Ki ɗauko kujera ki duba. Ki rubuto mini ko yana nan.

Maganar mota na ɗaga ta zuwa wani lokaci, ban soke ba. Tsohuwa mai mantuwa a bakin ruwa ba abin sakaci ba ce. Kada ki bar ta ita kaɗai a kan bangon nan ko na ɗan lokaci. Maganin hawan jininta yana cikin ledar da na haɗo, rabin ƙwaya da safe, ba guda ba.

Ki gaida mijinki. Ki gaida Inna, in ta gane sunana.

Yayanki


Yaya Likita,

Sallama da gaisuwa. Ledar ta iso, mun gode. Inna ta gane sunanka sarai, har ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana tsoron kwaɗi.

Ba sai na hau kujera ba. Madubin ba ya saman kabad, yana aljihun mijina Bakanike. Ka ga, kai ba a iya yi maka abin kirki a ɓoye, sai ka tono shi kamar kaza. Ranar Laraban nan da Inna ta dawo ta sake juya fuska bango, na zauna na yi kuka har ya ishe ni, sannan na ɗauko madubin na miƙa wa mijina. Na ce gobe ka zaga da babur ta bayan dutse, ka je gindin bishiyar, in ta haska ɗaya ka haska biyu. In garke ya tashi daga wajenka ka haska ɗaya. Ya ce shi bai san agwagwa ba sai a tukunya. Na ce ba a tambaye ka ba.

Yi mini faɗan, na shirya. Amma ka zo ka ga kumatunta tukuna. Jiya ta zauna kusa da kekena tana warware mini zare, tana ba ni labarin Ɗan Haya. Ka tuna shi? Shahon nan mai kamun kifi, mai zobe a ƙafa, da yake sauka a busasshiyar bishiya duk kaka, Baba yana cewa ya zo ya ci ya sha ya tafi bai biya ko sisi ba. Ta ce bana bai iso ba tukuna. Kullum sai ta hangi bishiyar da tabaro kafin ta fara ƙirga.

Sai dai akwai abubuwan da ba zan ɓoye maka ba, don ni ma suna taɓa ni. Ruwan ya ƙara ja. Tsohon garin su Inna, wanda aka tashe su daga ciki kafin a tare ruwa, ya fara fitowa. Ba gidaje ba, tushen gidaje, baƙaƙe, layi-layi. Zalɓe yana tsayawa a bakin ƙofar kowane kamar mai jiran a yi masa izini. Inna tana nuna mini da yatsa: nan gidan mai gyaran agogo, nan makaranta, nan aka haife ta. Tana faɗar sunayen mutane kamar jiya suka rabu. Tsohuwar hanyar garin ma ta fito, ta miƙe daga ƙasan bango ta ratsa tsakiyar taɓon ta nufi tsallake. Samanta ya bushe ya tsage, in ka gani ka ce mota za ta bi. Ma'aikata sun ce kada kowa ya taka, ƙasan ruwa ne zalla.

Shekaranjiya Bakanike ya amsa mata, sai ta sauke tabaron ta ce, “Hannunsa ya yi nauyi bana.” Na ce wa? Ta dube ni kallon da ban gane ba, ta koma ƙirgarta. Da yamma kuma na same ta tana wanke dogayen takalman roba na Baba. Ta ce sun yi ƙura.

Shi ma gogan naka Bakanike ya fara noƙewa. Ƙato da shi, wai wurin ya yi masa shiru da yawa. Wai in ya zauna a gindin bishiyar sai ya ji kamar ya matse wa wani wuri, har ya kan gyara zama. Na yi masa dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ga masu babura suna taruwa a gareji da safe suna jiransa, har wasu sun fara komawa wajen wani.

To ka san bakanike, komai a wajensa noti ne. Yau ya tafi da sifana da wayar ƙarfe, ya ɗaure madubin a jikin bishiyar, ya karkata shi ya kalli bangon madatsa. Ya ce rana na fitowa za ta yi aikin da kanta, kuma hasken zai tsaya cak ya daɗe, ba irin ƙyaf-ƙyaf ɗin da tsohuwa mai raunin ido za ta rasa ba. Na ce ashe kan naka ba na ɗaukar hula kaɗai ba ne. Yanzu dai gajimare ya rufe mu, ba mu ga aikinsa ba tukuna. Inna tana ta mita wai an yi mata shiru.

Ka kwantar da hankalinka, ka ci abinci. A gaida mutanen gida.

Auta


Auta,

Ku cire madubin nan. Yau. In takardar nan ta same ki da rana tsaka, a ranar tsakan mijinki ya tafi ya kwance shi. Ki yafe mini rashin gaisuwa.

Alamun ba biyu ba ne, uku ne. Ke ba ki san ta ukun ba, domin kin taso gwiwar Inna ta riga ta fara ciwo, sun daina amfani da ita. Ni ina yaro na sha zama a kwalekwale ina kallo. In Baba ya ga abin da ba ya so ya gani shi kaɗai, sai ya ɗora mata hasken a fuska ya riƙe, bai motsa ba. Ma'anarsa: bar komai ki zo. Ita kuwa ta bar komai ta zagayo da ƙafa, ko tukunya na kan wuta. Yawanci saboda Ɗan Haya ne.

Akwai abin da Inna ta gaya mini ranar da muka dawo daga maƙabarta, ta ce kada in faɗa miki. Safiyar da Baba ya rasu, ya riƙe mata hasken. Shekara da shekaru bai yi ba, ranar ya yi. Ta ce hasken ya daɗe a fuskarta har idonta ya yi ruwa. Ta ce a ranta, tsohon nan da rigima yake, tsuntsun ai ba yau zai tafi ba, gobe na gan shi. Ta haska masa biyu ta tashi ta koma gida. Da azahar masunta suka same shi zaune, ya jingina da bishiya, madubin a hannunsa a kan gwiwa.

Ba ta sani ba ko tsuntsu yake nuna mata, ko ciwon ne ya kama shi yake kiranta, ko kuwa ya riga ya cika madubin ne kawai ya tsaya a hannunsa. Ta tambaye ni wanne ne, wai ni na san magani. Ban iya ba ta amsa ba. Abin da take kallo a bangon ɗakin nan ke nan, Auta, ba mantuwa kaɗai ba ce.

Yanzu ki tuna takalman da ta wanke, ki tuna hanyar da ta fito.

Direban ma'aikata ya riga ya hau wajenku, sai na tare motar simintin masu gyara na roƙi yaron motar ya kai miki wannan. Ina neman wanda zai riƙe mini kanti, ina tafe. Ki ɓoye takalman. Ki ɗaure hannunki da nata in ya kama. Ina roƙon Allah gajimaren nan ya zauna.

Yayanki


Zuwa ga Yaya, da girmamawa,

Assalamu alaikum. Ni ne mijin Auta. Ka yi haƙuri da hannuna, ni ba mai rubutu ba ne. Auta tana wajen Inna, ta ce ba za ta iya riƙe biro ba.

Farko dai, Inna tana da rai. Na sa wannan a gaba don kada ka karanta sauran da tsoro.

Takardarka ta zo jiya da la'asar. Motar simintin ta lalace a hanya ta kwana biyu. Abin kuwa ya faru jiya da safe.

Gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya. Auta ta raka Inna bango kamar kullum. Sanyi ya yi yawa, Inna ta ce ta koma ta ɗauko mata shayi. Gidan da bangon ai ka san ba nisa. Auta ta ce da ta juya rana ba ta gama fitowa daga bayan dutse ba. Da ta dawo ta samu tabaro a kan dutsen, tsakuwa an zube su wuri ɗaya, ba Inna. Hasken kuma yana kan dutsen, daidai inda kan mutum yake in ya zauna.

Ni ina gareji ina kwance taya. Sai na ji wata ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na ɗaga kai, sama ta yi baƙi da tsuntsaye, duk tafkin ya tashi lokaci ɗaya. Baba ya taɓa gaya mini in ka ga sun tashi gaba ɗaya, wani abu ne yake tafiya a cikinsu. Na yar da sifana na hau babur.

Ta yi nisa, Yaya. Matar da sai an riƙe ta take hawa matakala. Ta wuce tushen gidajen nan duka, ta wuce tsakiya. Inda hanyar ta yi kwari nan saman ya fashe da ita. Da na hango ta taɓo ya kai mata cinya. Masu gyaran madatsa, Allah ya saka musu, suka kwaso katakan aikinsu muka riƙa shimfiɗawa ɗaya gaban ɗaya. Ni na fi su rashin nauyin hankali, ni na rarrafa. Auta tana baya tana ihu har muryarta ta tafi.

Abin da ya tsaya mini a rai, Inna ba ta ihu. Ba ta ma ƙoƙarin fita. Ta sa hannu ta kare ido tana kallon bishiyar. Da na matso na kira ta, sai ta ce, “Yi a hankali, za ka kore shi.” Na duba. Wani babban shaho ne mai farin ƙirji, zaune a reshen da ke saman madubin, da kifi a ƙafarsa. Duk tsuntsayen duniya sun tashi, shi bai motsa ba.

Na ɗaura mata igiya a ƙirji. Takalman Baba can muka baro su, taɓon ya riƙe. Ina jan ta a kan katako, fuskarta kusa da tawa, sai ta ce mini, “Kai ma ka gaji da zuwan ko?” Wallahi Yaya gara ta mare ni. Na ce Inna ki yafe mini. Ta ce, “Me ka yi? Ai ka kyauta. Sai dai kana haska biyun da sauri, kamar mai bin bashi.”

Zazzaɓi ya kama ta da yamma, malamin asibitin ma'aikata ya zo ya yi mata allura. Yau da sauƙi, ta sha shayi. Ƙafafun ne suka kumbura.

Na je na kwance madubin. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba, ni na ga gajeriyar hanya na bi. Amma akwai abu ɗaya da zan faɗa maka, don ban iya faɗa wa Auta ba. Ranar da na ɗaure shi babu rana, babu kowa a bango da zai ce mini sama ko ƙasa. Da ka na karkata shi kawai. Daga bishiyar zuwa bango, in ka kuskure da faɗin farce, hasken zai faɗa can cikin duwatsu. Aikina ke nan, na san ba a dace irin wannan.

Muna jiranka. Ka taho mata da man zafi.

Ƙaninka,
Bakanike


Babban ɗana,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Da hannuna nake rubutawa, yau kaina a sake yake, gobe ban sani ba.

Kada ka yi wa yaran nan faɗa. Na san wanda muka binne. Tun safiyar farko na san mijin Auta ne, ubanku bai taɓa amsa mini da wuri haka ba. Na yi shiru ne don na ga suna jin daɗi, ni ma kuma ina ji.

Da hasken ya tsaya a fuskata na san ƙarfe ne da waya, ko wani abu irin na mijin Auta. Amma wancan karon an kira ni ban je ba. Ba zan iya zama sau biyu ba.

Ɗan Haya ya zo. Na ga zoben da idona. A irin wannan makon yake zuwa, bara ma a irin wannan makon ne. Na tambaye ka abu ka kasa ba ni amsa, to na samo abina: tsuntsu yake nuna mini. In ba haka ba ne, kada ka gaya mini.

Ka turo motarka in baƙin sun gama wucewa. Zan zo. Ka sa mini gadon kusa da taga, ko bango take kallo.

Madubin biyu suna cikin akwatina, na dama da na hagu, na kulle, makullin yana wuyana. Yau da safe Auta ta zaunar da ni a ƙofar gida ina shan rana. Wani garken agwagi ya tashi daga gindin bishiyar ya nufo mu. Kafin su iso, aka haska daga can. Auta tana cikin ɗaki, ba ta gani ba. Za ka ce cikin kifi ne, ko kwalba. Wataƙila.

Sau ɗaya ne. Ban ƙirga su ba.

Mahaifiyarka